Kwana Shida Tsakanin Bodo da Bonny: Yadda Ake Karanta Gaɓar da Mai Ya Ɓata

Mun tashi daga Kaduna bayan sallar asuba, mu uku a mota ɗaya, hazon farkon hunturu ya rufe hanyar Abuja. Mun kwana a Lokoja. Washegari muka bi ta Okene da Auchi da Agbor, muka haye Kwara a gadar Onitsha, muka ratsa Owerri, sai bayan isha'i muka shiga Fatakwal. Abin da ya kai mu horo ne na kwana shida a kan yadda ake duba gaɓar ruwan da ɗanyen mai ya malala a kanta, a auna ɓarnar, a zaɓi irin sharar da ta dace da wurin, a kuma san ranar da za a ce aiki ya isa. Mu 24 ne a ajin: ma'aikatan hukumomin muhalli, ma'aikatan kamfanonin kwashe mai, da matasa shida daga garuruwan bakin ruwa, waɗanda suka fi kowa sanin lungunan ƙoramun.

Takardar farko da aka raba mana jadawalin cikowa da janyewar teku ce. Mu 'yan Arewa mun saba da kogin da ke cika da damina ya ja baya da rani. A nan ruwa yana kawowa sau biyu, yana janyewa sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. A wajen Bonny bambancin tsayin ruwan yakan kai kusan mita biyu. Wanda yake riƙe da lissafin watan Musulunci ya riga ya san rabin jadawalin, domin a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin sha huɗu zuwa sha shida ne ruwa ya fi hawa, ya kuma fi ja da baya. Amfanin wannan a aikace shi ne ba a duba gaɓa sai ruwa ya buɗe ta, daga awa biyu kafin ya gama janyewa zuwa awa biyu bayan haka. Awa huɗu ke nan a yini. Wanda ya makara ya tarar ruwa ya rufe abin da ya zo gani, wanda kuma ya daɗe a cikin ƙorama ya bar jirginsa ya zauna a kan taɓo, to zai jira awa shida kafin ruwa ya dawo ya ɗaga shi.

Tsarin da aka koya mana sunansa SCAT, gajeren sunan Turanci na dabarar duba gaɓa don tsara sharar mai. An gina shi ne a lokacin malalar jirgin Exxon Valdez, wanda ya daki dutse a Alaska ranar 24 ga Maris 1989 ya zubar da kimanin tan 37,000 na ɗanyen mai, man ya taɓa gaɓa mai tsawon wajen kilomita 2,000. Matsalar da aka fuskanta a lokacin ita ce kowane mai dubawa da irin bakinsa. Wannan ya ce mai ya yi yawa, wancan ya ce kaɗan ne, alhali wuri ɗaya suke nufi, masu tura ma'aikata da kayan aiki kuma ba su san wanda za su bi ba. Masanin gaɓar teku Ed Owens da abokan aikinsa suka fito da kalmomi ƙayyadaddu da fom guda, ta yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su tsaya a wuri ɗaya su rubuta abu ɗaya. Da wannan tsarin aka duba fiye da kilomita 7,000 na gaɓar Tekun Meziko bayan fashewar rijiyar Deepwater Horizon a 2010, aka samu mai a kan kilomita 1,773.

Ana fara wa da yanka gaɓa gida-gida a kan taswira, kowane yanki daga mita 200 zuwa kilomita biyu, a ba shi lamba. Iyakar yanki tana faɗawa inda ƙasa ta sauya, wato inda rairayi ya ƙare taɓo ya fara, ko inda katangar siminti ta tsaya. Kowane yanki kuma a raba shi daga sama zuwa ƙasa: tudun da ruwa ba ya kaiwa sai da guguwa, sai sama, tsakiya da ƙasan filin da ruwa ke rufewa yana buɗewa. Sannan a zo kan man kansa, a tambayi abu huɗu: tsawonsa da faɗinsa, kashi nawa na ƙasa ya rufe, kaurinsa, da kamanninsa.

Fom ɗin da Turanci yake, amma mu uku mun zauna da dare mun sa wa kowane mataki suna da Hausa, saboda waɗanda za mu koya wa in mun koma. In man ya rufe kashi 91 zuwa 100, shimfiɗa ke nan. Kashi 51 zuwa 90, mai giɓi. Kashi 11 zuwa 50, dabbare-dabbare. Kashi 1 zuwa 10, jefi-jefi. Abin da bai kai kashi ɗaya ba, ɓurɓushi. Wajen kauri, wanda ya wuce santimita ɗaya mun kira shi kwantacce. Daga milimita ɗaya zuwa santimita ɗaya, lulluɓi. Wanda bai kai milimita ba amma farce yana kankare shi, shafe. Wanda farce ba ya ɗaga shi, rini. Sai ƙyalli, mai launin azurfa ko bakan gizo a kan ruwa. Gwajin farcen nan shi ne awon da ya fi kowane sauƙi a aikin, kuma shi ke raba abin da zai iya manne wa tsuntsu ko ƙafar yaro da abin da ya riga ya mutu a jikin dutse. Kamanni kuwa, akwai sabo mai gudu da wari; akwai damamme, wanda igiyar ruwa ta kaɗa shi har ya sha ruwa kashi 70 zuwa 80, ya yi ja-ja kamar kunun kanwa mai kauri, yawansa ya ninka sau uku ko huɗu; akwai curi, wanda bai kai santimita 10 ba, kamar dawon fura; akwai faifai, wanda ya fi haka faɗi; akwai daɓe, inda mai da yashi suka haɗu suka sandare kamar kwaltar titi.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin sai an horar da idon tukuna. Malamar da ke jagorantar ajin ta ajiye firam na bututun roba, mita ɗaya ta kowane gefe, a kan farin yashin da aka barbaɗa wa garin gawayi, ta ce kowa ya rubuta kashi nawa ya rufe ba tare da duba na maƙwabcinsa ba. Amsoshi suka fito daga 20 har 60. Da aka ɗora ragar da ta raba firam ɗin gida ɗari aka ƙirga, 25 ne. Baƙi a kan fari yana cika ido, kusan kowa yakan zarce. Mun maimaita sau goma sha biyu da zanen kwatance a hannu, har tazarar da ke tsakaninmu ta dawo cikin kashi goma. Ta ce ko ƙwararru, duk safiyar da za a fita da sababbin tawagogi, sai sun tsaya a yanki ɗaya sun daidaita ido kafin su rabu.

Ragowar yinin ya tafi a kan tsaron rai. Sabon mai yana fitar da tururin da ke kama wuta da kuma benzin mai jawo sankarar jini, wani lokaci da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce alhali ta ƙaru. Don haka ana tunkarar wurin ta inda iska ke fitowa, mai na'urar awon iska yana gaba. In iskar shaƙa, wato oksijin, ta sauka ƙasa da kashi 19.5, ko tururin ya kai kashi 10 na abin da zai iya tashi da wuta, kowa ya ja baya. Amma abin da ya fi kayar da ma'aikata a wannan yankin zafi ne, domin rigar leda da takalmin roba da safar hannu suna dafa mutum a cikin gumi. Ana shan ruwa kusan lita guda a kowace awa, a huta a inuwa. Wurin aiki kuma gida uku ne: inda man yake, inda ake wanke takalma a tuɓe kaya, da wuri mai tsabta inda ake ci da sha da salla, ƙofar shiga ɗaya, ta fita ɗaya. In ba a yi haka ba, tafin takalma da tayar baro su ne za su kai man har cikin gari.

Rana ta biyu muka kama hanyar Ogoni, ta Eleme inda matatar mai take, muka shiga Ƙaramar Hukumar Gokana har Bodo. Garin masunta ne, kuma duk mai wannan sana'a ya san sunansa. A 2008 bututun Trans-Niger na kamfanin Shell ya fashe sau biyu a ƙoramar Bodo. Na farko ya yi makonni yana zuba kafin a toshe shi a Nuwamba, na biyu ya fara a Disamba, ba a tsayar da shi ba sai Fabrairun 2009. Kamfanin ya fara da cewa duka biyun kimanin ganga 4,000 ne, masanan da lauyoyin mutanen gari suka ɗauko suka ce ya kai ganga 500,000, daga baya kamfanin ya amsa cewa lissafinsa na farko ya gaza. Ganga ɗaya lita 159 ce, sai mai karatu ya auna tazarar. An kai ƙara Landan, a Janairun 2015 aka sasanta a kan fam miliyan 55, miliyan 35 ga mutum kimanin 15,600, miliyan 20 ga al'umma. Sharar kanta ba ta kankama ba sai Satumban 2017, shekara tara bayan fashewar, a ƙarƙashin shirin sulhun Bodo da ofishin jakadancin Holan ya taimaka aka kafa, a kan fili mai faɗin wajen hekta 1,000. Kafin nan, a Agustan 2011, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni ya ce farfaɗo da yankin zai ci shekara 25 zuwa 30, ya kuma samu benzin a ruwan rijiyoyin Nisisioken Ogale ninki 900 na ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ni a ganina rabin rigimar Bodo rigimar awo ce. Dokar da ta kafa NOSDRA, hukumar da ke sa ido kan malalar mai a Nijeriya, a 2006 ta ce a kai rahoton malala cikin awa 24, ƙa'idojin hukumar kuma suka ce a fita binciken haɗin gwiwa da hukuma da kamfani da mutanen gari. In waɗanda suka fita ba su da ma'auni ɗaya, kowa zai koma da lambar da ta yi masa daɗi, kuma shekaru za su wuce ana jayayya man yana nutsewa.

Daga mashigar jiragen Bodo muka shiga kwale-kwale mai inji, kowa da rigar hana nutsewa. Minti ashirin da tashi sai ga abin da hoto ba ya iya nunawa: fili fetal na baƙin taɓo, kututturan matattun itatuwa a tsaye kamar gonar da aka sassabe aka ƙone. Da can dajin mangurof ne, itacen ruwan gishiri mai saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo. Taɓon da yake tsiro a ciki ba shi da iska in an wuce 'yan milimitoci, saboda haka itacen yana numfashi ne ta ƙananan ƙofofi a jikin saiwoyin da ke sama. Mai ya shafe su, itace ya shaƙe. Rashin iskar nan kuma shi ke hana ƙwayoyin halittar da ke cin mai yin aikinsu, shi ya sa man da zai ɓace cikin watanni a kan dutsen da igiyar ruwa ke duka yakan shekara ashirin ko fiye a nan. A ma'aunin raunin gaɓa mai hawa goma, wanda Erich Gundlach da Miles Hayes suka fitar a 1978, dutsen da ke fuskantar teku yana hawa na ɗaya, mangurof yana na goma.

Dattijon da ke tuƙa mu ya nuna wani lungu da haɓarsa. Ɗaya daga cikin matasan ya fassara mana: a nan matan garin suke tsintar dodon koɗin da ake miya da shi, kafin ruwa ya dawo mace ta cika kwando. Na ce a tambaye shi, “Baba, yanzu fa?” Ya ce yanzu sai an yi tafiyar awa biyu ko uku zuwa wajen teku, kuma kuɗin fetur yakan cinye ribar kifin.

A irin wannan fili ba a yanka gaɓa a tsaye, sai a raba shi murabba'i-murabba'i, namu mita 200 ta kowane gefe. Tawaga mutum huɗu ce ko biyar: mai fom, mai na'urar GPS da kyamara, mai shebur, wakilin gari, da mai lura da ruwa da agogo. Saman taɓon yana ruɗi. Wani wuri ka gan shi fes, ruwan kasa-kasa, har da gansakuka. Sai an haƙa. Ramin faɗin bakin shebur, zurfin santimita 30 zuwa 50, a yanka gefe ɗaya a miƙe don a ga hawa-hawan ƙasa, a ajiye ma'auni da allo mai lambar rami a ɗauki hoto. Sai a jira minti biyar ruwa ya tsattsafo. Abin da ya taso a kan ruwan shi ake rubutawa: baƙin mai ne, ko ruwan kasa, ko ƙyalli kawai, kuma kashi nawa na fuskar ruwan ya rufe. A raminmu na uku saman ƙasa ba komai, amma a santimita 20 baƙin mai ya fito yana bin wata 'yar hanya mai kaurin yatsa. Ramin ƙaguwa ne. Ƙaguwa da ruɓaɓɓun saiwoyi su ne bututun da ke kai mai ƙasa. In an gama a mayar da ƙasar yadda aka ɗebo ta, ta ƙasa a ƙasa, a goge shebur kafin rami na gaba, in ba haka ba shebur ɗin ne zai sa wa rami mai tsabta mai.

Tafiya a taɓon ma aiki ce. Ƙafa tana nutsewa har gwiwa, kuma kowane taku yana tura man da ke sama zuwa inda ba zai ƙara ganin iska ba. Ana shimfiɗa katako a bi layi ɗaya. Mutum hamsin masu kyakkyawar niyya da aka sake su a cikin dajin mangurof mai rai za su yi ɓarnar da ta fi ta man.

A nan ne malamar ta daɗe, kuma nan ne zuciyar horon. Garin neman gira ana rasa ido. A 1967, da jirgin Torrey Canyon ya fashe kusa da Konwal a Ingila, an zuba wajen tan 10,000 na sinadarin wanki mai guba a gaɓa. Wuraren da aka wanke sun ɗauki kusan shekara goma kafin su farfaɗo, waɗanda aka bari suka dawo cikin shekara biyu zuwa uku. A 1978 jirgin Amoco Cadiz ya zubar da fiye da tan 220,000 a gaɓar Faransa, aka sa manyan injuna suka kwashe saman fadamar Il Girand har kusan rabin mita, saiwa da iri duka suka tafi, wurin ya zaizaye, fadamar da ba a taɓa ba ta riga shi warkewa. A Alaska ruwan zafi mai ƙarfi ya fitar da duwatsu tas, ya kuma dafa duk abin da ke raye a kansu. Saboda haka kafin a rubuta kowace shawara sai an auna: in an yi wannan aikin, me za a samu, me za a rasa, in kuma an bari fa? Bari ma shawara ce da ake rubutawa a sa hannu, a riƙa dawowa ana dubawa.

Inda itatuwa ke da rai, abin da aka yarda da shi kaɗan ne. Ba a sare su, ba a zuba sinadarin narkar da mai, ba a shiga da inji. Ana kora man da ruwan ƙoramar kanta, da irin injin ban ruwan nan mai bakin inci biyu ko uku da manoman rani ke amfani da shi a fadamunmu, a cire kan tiyo don ruwan ya fito da yawa ba da ƙarfi ba, ƙasa da 0.7 a ma'aunin ƙarfin turin ruwa da ake kira “bar”. Ana farawa daga sama a gangaro, a lokacin da ruwa ya rufe ƙasan gaɓa, don man ya hau kan ruwa maimakon ya kwanta a kan taɓo mai tsabta. Alamar kuskure a bayyane take: in ruwan da ke gangarowa ya zama dagwalo, ƙarfin ya yi yawa, ana haƙa ƙasa ana binne mai. Inda daji ya riga ya mutu, kamar yawancin filin Bodo, an sassauta. An farfasa ɓawon da ya sandare a sama da manjagara, an cusa bututu cikin taɓo ana tura ruwa don man da ke ƙasa ya taso, a tare shi a kwashe, daga baya a dasa 'ya'yan mangurof da aka rena a leda. In ba a dasa ba, kwakwar nipa, wadda aka shigo da ita Kalaba a 1906, ita ke mamaye filin, kuma ba ta riƙe kifi da dodon koɗi kamar itacen asali.

Rana ta huɗu ta shingen ruwa ce, wanda ma'aikata ke kira bum: doguwar roba mai iska a sama, da zani mai sarƙa yana rataye a cikin ruwa. Kowa yana so ya ja shi ya tsallaka ƙorama a miƙe kamar igiyar shanya. Haka tawagarmu ta yi da farko, aka zuba ɓuntun shinkafa a madadin mai, muka tsaya muna kallo yana nutsewa ta ƙarƙashin zanin yana ɓullowa a baya. Dalili shi ne in gudun ruwan da ke dukan shinge kai tsaye ya wuce kamar santimita 35 a daƙiƙa, ruwan yakan ja man ya bi ta ƙasa. Awon ba ya buƙatar na'ura. A auna mita 10 a bakin gaɓa, a jefa kara, a ƙirga. In ya ɗauki daƙiƙa 30 ko fiye, shinge zai riƙe a miƙe. Namu ya yi 15, wato ninki biyu na iyaka, don haka sai an karkata shingen digiri 30 da bakin gaɓa, kuma hakan yana cin tsawon da ya ninka faɗin ƙoramar sau biyu. Karkataccen shinge yana gangaro da man zuwa lungu mai sanyin ruwa, inda na'urar yaɗe mai take jira. Igiyar anga ta kai ninki biyar na zurfin ruwa a lokacin cika, a kuma ɗaure ta ɓangarori biyu, tunda bayan awa shida ruwan zai juyo. Inda shinge ya haɗu da gaɓa nan ne mai ya fi sulalewa, sai a sa irin mai bututun ruwa a ƙasa, wanda ke zama daram a kan taɓo in ruwa ya janye.

Washegari muka tafi Bonny ta ruwa, muka fita bakin Tekun Atilantika wajen Finima. Bayan kwana biyu a taɓo, rairayi kamar hutu ne, amma yana da nasa makirci. Igiyar ruwa tana kwashe yashi tana dawo da shi, tana iya binne mai a dare ɗaya. Malamai sun riga mu zuwa sun binne layin garin gawayi a santimita 25, tawagogi biyu cikin biyar suka rubuta babu mai domin ba su haƙa a layin da ruwa ya tsaya ba. Ana haƙa ramuka a jere daga tudu zuwa ruwa, har a kai ga ruwan ƙasa.

A nan muka yi lissafin da nake so duk mai ba da kwangilar shara ya sani. Yanki mai tsawon mita 400, man ya yi layi mai faɗin mita biyu, murabba'in mita 800 ke nan. Ya rufe kashi 30, saura 240. Kaurinsa milimita biyu. Jimla lita 480, ganga uku. In aka kawo katafila ta kankare santimita 10 a duk layin, an tara yashi kubik mita 80, tifa takwas masu ɗaukar goma-goma, duk sun zama sharar da sai an nemi inda za a kai ta, gaɓa kuma ta rasa yashinta. In mutane suka bi da shebur mai faɗin baki suna ɗaukar santimita biyu a inda man yake kawai, abin bai kai kubik mita biyar ba. Shi ya sa sharar da ake tarawa bayan malala takan ninka man da ya zuba har sau goma. Biyan ɗan kwangila da yawan buhun da ya tara kuwa gayyatar wannan ɓarnar ce. Buhu kada ya wuce kilo 15 zuwa 20, don mutum ya iya ɗauka kuma kada ya fashe. Ramin ajiya na wucin gadi a yi shi sama da iyakar babbar cikowa, a shimfiɗa leda mai kauri, a rufe saboda ruwan sama. Ruwan mai daban, yashi daban, tsummoki da safar hannu daban.

Ranar ƙarshe aka zo kan tambayar da ta fi kowace zafi: yaushe za a ce an gama? Ana rubuta amsar tun kafin a fara, yanki-yanki, kowa ya sa hannu. A bakin ruwan da yara ke wasa, sharaɗin yana iya zama babu man da ido ke gani ko yake manne wa hannu. A mangurof, babu man da ke gudu ko yake sakin ƙyalli mai yawa, rini a jikin saiwa kuwa a bar shi. In ɗan kwangila ya ce ya gama, tawagar da ta duba da farko ita ke komawa da wakilin hukuma da na kamfani da na gari, a haƙa sababbin ramuka a inda masu dubawa suka zaɓa, ba inda aka nuna musu ba. Wani matashi daga Bodo ya tashi ya ce su a wurinsu tsabta ita ce ranar da dodon koɗi ya dawo. Malamar ta ce gaskiyarsa, shi ya sa sa hannun gama shara daban, bibiyar farfaɗowa ta shekaru daban, kuma kada a bar ɗaya ya tsaya a madadin ɗaya. Ta ƙara da cewa hoton farko da samfurin man farko su ne shaida in sabon mai ya sake zuwa, domin a ƙoramun nan fasa bututu da matatun daji da ake kira kpofire suna iya ɓata yankin da aka gama jiya.

A hanyar dawowa mun tsaya a Lokoja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, tankokin mai jere a gefen titi. Abokin tafiyarmu, dattijo ma'aikacin ruwa, ya daɗe yana kallon tsibiran yashin da rani ya fara fitarwa, sannan ya ce da ni, “Malam, namu jadawalin na shekara ne, ba na yini ba.” Haka ne. A kogunanmu man da ya zuba a Agusta zai hau da ambaliya ya kwanta a kan ciyawar fadama, ruwa ya janye ya bar shi a tudu, daidai inda za a shuka tumatir da albasa a Nuwamba, inda shanu ke sauka shan ruwa. Bututun ɗanyen mai yana zuwa har matatar Kaduna, an ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a 2022, bututun Nijar kuma ya taso daga Agadem ya bi kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin. Kafin mu isa Abaji mun buɗe taswirar rafin Romi a waya mun fara yanka shi gida-gida har inda ya faɗa kogin Kaduna, muna sa alama a kan mashayar shanu, da wuraren da manoman rani ke kafa inji, da gadojin da mota za ta iya sauke shinge. Firam ɗin bututun roba da buhun garin gawayi za mu haɗa a Kasuwar Barci, mu fara daidaita idon ma'aikatanmu a kan yashin bakin kogi kafin ruwan bana ya sauko.